Sarƙar da ke Ɓoye a Cikin Tsohon Babur

Mai babur ya san sarƙar da ke jan ƙafar baya, don kullum yana ganinta yana ɗiga mata mai. Ta cikin inji kuwa, wadda kanikawa ke kira taimin cen, sai ta fara kuka ake tunawa da ita.

Aikinta haɗa kiranshaf da kamshaf, yadda duk juyi biyu na kiranshaf kamshaf zai yi ɗaya, bawul ya buɗe ya rufe daidai da hawa da saukar fistan. A tsohuwar Honda C70 ko Bajaj Boxer, idan ka ji ƙarar "car-car" da sanyin safiya, yawanci gaɓoɓin sarƙar ne suka cinye ta saki, ko robar da ke danne ta ta mutu. Ta tsallake haƙori ɗaya, babur ya rasa ƙarfi, tashi ma sai da turi. Ta tsallake da yawa, fistan na iya dukan bawul ya lanƙwasa shi.

A nan nake ganin laifin masu araha. Sai a sa sabuwar sarƙa a bar tsohuwar roba da haƙoran da suka zaizaye, bayan 'yan watanni kuka ya dawo, a ce kayan jabu ne. Saiti kuma ba a yin sa da ka. A C70, alamar T ta jikin maganeto za ta tsaya kan tsagar murfi, alamar O ta haƙoran kamshaf ta fuskanci tsagar kan inji. Ratar tafet milimita 0.05 ce, kuma inji a sanyaye ake aunawa. Bakanike nawa ne ke jira ya huce, alhali ɗan acaɓa na tsaye a kansa?

Kamfanin Honda ya daɗe da gano bakin zaren. A 1974 injiniyoyinsa suka zagaya ƙasashe irin su Tailan da Pakistan, suka tarar mutane ba sa juye baƙin mai sai ya zama kwalta, kamshaf ɗin saman inji yana lalacewa. Shi ya sa CG125, wanda ya fito a 1975, ba shi da wannan sarƙa ko kaɗan, sandunan ƙarfe ne ke tura bawul.

Wanda nasa mai sarƙa ne, ya riƙa zaro sandar awon mai yana murza ɗigon tsakanin yatsu, musamman lokacin ƙurar hunturu. Idan ya ji tsaki-tsaki kamar yashi, abin da ke cin gaɓoɓin ke nan.