Dirowa Daga Boksi Tana Cikin Gudu

Ka tsaya bakin titin Sinnar zuwa Sinja, daidai Mai Wurno, ka sha takaici. Boksi, wato a-kori-kura, za ta taho maƙil da mutane, direba bai gama rage gudu ba, samari sun fara dirowa ta baya, wai gwaninta. Har da 'yan sakandare, waɗanda in ka tambaye su za su zubo maka haddar aji ba gargada: makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. To, ina amfanin haddar?

Abin da suka ɗauka shi ne, da ƙafa ta bar mota, gudu ya zama na mota ita kaɗai. Ba haka ba ne. In boksi tana gudun kilomita 40 a awa, kai ma jikinka gudun da yake yi ke nan, kuma da shi za ka taɓa ƙasa. Dole ƙarfin nan ya sami inda zai zube. Ita mota tana da birki, shi ke mayar da gudunta zafi, shi ya sa ƙarfen cikin taya yake ƙuna bayan an taka shi da ƙarfi. Kai fa? Fatarka da gwiwarka da ƙoƙon kanka su ne birkinka.

Lissafin ma ba ya tafiya yadda ake zato. Dirowa a gudun kilomita 20 daidai take da faɗowa daga katanga mai mita ɗaya da rabi. A kilomita 40, mutum zai ce mita 3 ke nan. A'a, ta haura mita 6, domin in gudu ya ninka biyu, ƙarfinsa huɗu yake ninkawa. A kilomita 60 kuwa, mita 14. Wa zai hau bene mai hawa huɗu ya diro don burge abokai? Yaran da suka tashi kusa da madatsar Sinnar ta 1925 da ta Rusairis ta 1966 bai kamata wannan ya zame musu baƙo ba: ruwa ya gangaro daga tudu, tsawo ya koma gudu, gudu ya juya inji, aka sami lantarki.

Wasu kuma sun ce dabara ita ce ka yi tsalle baya, ka kashe gudun. Tsallen mutum daga tsaye da ƙyar ya wuce kilomita 10 a awa. A gudun kilomita 40, saura 30 na nan, kuma da ƙeya za ka karɓe su.

Ramukan hanya da ƙarancin motoci tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 suna da nasu laifin, na sani.

Amma in za ka sauka, buga rufin direba, ka jira sai taya ta daina juyawa. Direba, tsaya cak. "Yi maza ka dira" ba magana ba ce. Kada a zauna a bakin bodi ko kan buhunan dawa, don in aka taka birki mota ce ke tsayawa, na sama gaba zai wuce. Yara a sa su tsakiya. Iyaye, ku daina yi wa mai dirowa dariyar yabo. Malamai kuma, ku fito da ɗalibai fili. A ja layi a ƙasa, ɗalibi ya hau keken jaki yana tafiya, ya saki dutse daidai kan layin, sauran su je su auna inda ya faɗi.