Yadda ake gane mazarin da ya fito yanzu

Mazari cikin ruwa yake girma. Idan tsutsarsa ta ƙosa, sai ta hau karan kacala ko ciyawar bakin tafki, galibi da dare ko da asuba, fatar bayanta ta tsage, ƙwaron ya fito. A dausayin Haɗeja da Nguru, mai sammako zai iya tarar da ɓawon nan maƙale a jikin kara, fanko.

Sabon fitowa launinsa dishi-dishi ne, jikinsa da taushi, fukafukansa na sheƙi kamar an shafa musu mai, tashinsa kuma babu ƙarfi. Kada a dogara da launi wajen tantance jinsi, domin ƙaramin namiji yakan yi kama da mace sai bayan kwanaki. Kada kuma a kama shi, taɓawa kaɗan na iya nakasa fiffiken har abada.