Kafin Ka Biya Kuɗin Gas: Abin da Ke Damun Esi a Garuruwan Bakin Teku

Wanda ya tashi a Kano, Maraɗi ko Damagaram ya san zafin bazara, wanda gumi ke bushewa tun bai gangaro ba. Zafin Kwatano, Lome da Akra daban ne. Ma'auni bai cika wuce digiri 33 ba, amma iskar jiƙe take, laimarta kan kai kashi 80 cikin ɗari. Shi ya sa ɗan kasuwar da Allah ya hore wa yakan sa wa iyalinsa na'urar sanyaya ɗaki, wadda wasu ke kira esi, masu zama ƙasashen Faransanci kuma su ce kilim.

Da zarar sanyi ya ragu, maganar farko da ake ji ita ce "gas ya ƙare". Gas ɗin esi ba kamar na girki ba ne, ba ya cinyewa. Yana kewayawa ne cikin rufaffen bututun tagulla, kuma ba zai ragu ba sai in akwai inda yake zurara. A bakin teku, yawancin matsalolin daga abu uku suke: datti, ruwa da gishiri.

Idan ɗaki ba ya sanyi

Kashe wuta, ka ɗaga murfin na'urar cikin ɗaki, ka zaro ragar nan mai tace ƙura. Inda laima ta yi yawa, ƙura takan jiƙe ta manne kamar taɓo, ta toshe hanyar iska. A wanke ragar da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, a mayar bayan ta bushe sarai. Duk mako biyu ya kamata a yi haka, balle a Disamba da Janairu da ƙurar hunturu ke saukowa har gaɓar teku.

Toshewar raga kan sa ƙanƙara ta kama ƙarfen ciki. In ka gan ta, kada ka kankare da wuƙa, za ka huda bututu. Kashe sanyin, ka bar fanka kaɗai tana juyawa har ta narke. Sai in ƙanƙarar ta dawo bayan raga ta fita tas ne za a fara zargin gas.

Idan ruwa na ɗiga a bango

Esi tatsar ruwa yake daga iska, kuma da damina yakan tara lita da yawa a wuni. Ruwan na bin wani siririn tiyo ya fita waje. In gansakuka ta toshe shi, ko ya lanƙwashe, ko bakinsa ya nutse a bokitin da aka tara, sai ruwan ya koma ciki. Je ka duba: esi na aiki amma tiyo ba ya ɗiga, to a toshe yake. A daidaita shi ya riƙa gangara, a zuƙe dattin ta bakin waje. Sakaci a nan shi ne ɓawon fenti, rigima da mai gida, da asarar dilar atamfa ko shaddar da aka jingine a bango.

Idan akwai sanyi amma ɗaki na warin danshi

Uwargida ce kan fara lura: zanin gado ya yi lumshi, takalmin fata ya yi funfuna, yara na atishawa da tari. Sau da yawa na'urar ce ta fi ƙarfin ɗakin. Takan sanyaya shi cikin 'yan mintoci ta tsaya, ba ta samu lokacin janye laimar ba. Ƙaramin ɗakin kwana mai doki ɗaya ya ishe shi, ba sai mai doki biyu ba. A rimot akwai alamar ɗigon ruwa, ita ce ta busar da iska, a riƙa amfani da ita ranakun ruwan sama. A bar lamba a 24 zuwa 26. Saukar da ita 16 ba ya sa sanyi ya zo da wuri, kuɗin mita kawai yake ci. Kafin a kashe, a bar fanka ta yi kamar rabin awa don cikin ya bushe.

Gishiri da na'urar waje

Iskar teku na ɗauke da gishiri, shi ke cin siraran ƙarafan na'urar waje da ƙafafun da ta hau. Wata-wata a kashe wuta a ɗauraye bayanta da ruwan famfo a hankali, ban da inda wayoyi suke. Kada a jibga mata kwalaye ko a yi shanya a kanta, tana buƙatar sarari ta fitar da zafi.

Wuta

In an ɗauke wuta aka dawo da ita, a jira minti uku zuwa biyar kafin a kunna, don kada kwamfiresa ta wahala. Esi na son layinsa shi kaɗai. Jona shi a 'yar wayar da ake cajin salula neman gobara ne. In na'urar waje na gurnani amma ba ta tashi, galibi kafasita ce ta mutu. Ba ta da tsada, sai dai takan riƙe wuta ko bayan an kashe, don haka aikin mai gyara ne.

Ranar da mai gyara ya zo

In ya ce gas, ka ce ya nuna maka inda yake zurara. Ana ganewa da kumfar sabulu ko maiƙo a mahaɗar bututu. A toshe wurin tukuna, in ba haka ba, bayan wata biyu ka sake biya. Ka karanta takardar da ke manne a jikin na'urar waje, za ka ga nau'in gas ɗin: R22, R410A ko R32. Ba a gauraya su, kuma wanda aka rubuta shi za a zuba. Duk kayan da ya canja, ya bar maka tsohon ka gani da idonka.