Washin gizago: kaifi ke kare hannu

Da rani ne masassaƙa ke duƙufa wajen sassaƙa turmi, akushi da ƙotar hauya. Amma gizagon da ya dakushe yakan zame daga itace, ya sari ƙafa ko hannu.

Ga yadda ake washi. A jiƙa dutse da ruwa. A fara da mai kaushi, a ƙare da mai santsi. A kwantar da bakin ƙarfen yadda maƙeri ya fitar da shi. A bi dutsen duka, kada tsakiyarsa ta yi rami. In an gama, a goge, a shafa mai saboda tsatsa.

Ɗan'uwa, in ka yanke, wanke ciwon da ruwa da sabulu. Kada ka zuba masa ƙasa ko kashin shanu. Tafi gidan likita don allurar tetanos.