"Terrified" Ko "Terrific"? Kuskuren Da Ya Sa Aji Ya Yi Mini Dariya

'Yan uwa ɗalibai, bara muna aji ɗaya malamar Turanci ta ce kowa ya rubuta labarin ranar da ya fi jin tsoro a rayuwarsa. Na ba da labarin ranar da tayar motarmu ta fashe muna tsakiyar gudu, na rufe da "I was terrific". Da ta karanta a gaban aji sai ta ɗago ta ce, "Wato kai daɗi ka ji ke nan?" Aji ya kwashe da dariya, maki kuma ya tafi. Tun daga ranar na zauna na bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na gano shi ne, yadda Bahaushe ya raba fargaba da firgici da kiɗimewa, haka ma Bature. Mu ne muke tara su duka a kan "fear".

"Terror" shi ne firgici mai tsanani a daidai lokacin da haɗari ya rutsa da kai. Wanda ya firgita shi ne "terrified", abin da ya firgita shi kuma "terrifying". Amma "terrific", duk da cewa tushensu ɗaya a Latin kuma da can tana nufin abin ban tsoro, yau ma'anarta abu ya yi kyau matuƙa. Nan na faɗi. "Terrible" kuwa mummunan abu ne kawai, kamar shinkafar da ta ƙone.

"Horror" tsoro ne haɗe da kaɗuwa da ƙyama, idan ka ga ko ka ji wani mugun abu. Ba lallai kai ne cikin haɗarin ba. Wanda ya iso wurin da aka yi haɗari ya ga abin da ya faru, shi ne "horrified". Asalinta a Latin na nufin gashi ya miƙe, daidai da tashin tsigar jiki a wurinmu.

"Dread" ita ce fargaba ko zullumin abin da bai zo ba tukuna. Duk ɗan ajin ƙarshe da ake jira ya kare furojek ɗinsa ya san ta, ko da bai san sunanta ba.

"Panic" kiɗimewa ce, inda tunani zai tsaya kowa ya yi ta kansa, kamar a ce wuta ta tashi a hostal. Ta samo asali ne daga Pan, wani abin bauta a tatsuniyoyin Girkawa da suke cewa yana firgita garke da mutane a daji. A kula da rubutu: idan abin ya wuce, "panicked" ake rubutawa, da harafin k.

"Petrified" shi ne wanda tsoro ya sa ya sandare, ko motsi ya kasa. Daga "petra" take, wato dutse da Girkanci, tushen da ya ba mu kalmar fetur. Mai "panic" gudu yake, mai "petrified" a tsaye yake ƙyam.

"Phobia" kuma tsoro ne mai ɗorewa da ya zarce girman haɗarin, kamar na hawa sama ko na allura, har likitoci kan duba shi. Faɗuwar gaba ta daren jarrabawa ba ta kai nan ba.

Don haka kafin ka rubuta, tambayi kanka: abin bai zo ba, yana faruwa, ko gani na yi? Gudu na yi ko daskarewa? Amsar ita za ta zaɓa maka kalma. Jarrabawa ta matso, masu kare furojek kuma sun fara shiri. Allah Ya sa mu shiga da "dread" kaɗan, mu fito da sakamako "terrific".