Me ke rage ƙarfin tsohuwar babbar mota?

A hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, wadda ta ratsa Ɗan Isa a yankin Madarunfa, tsohuwar babbar mota kan yi ta nishi da kaya, ta kasa jan gudu. Makanikai kan fara da duba hayaƙi.

Baƙin hayaƙi yakan nuna inji ba ya samun isasshiyar iska, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, zoben fistin ya cinye.

In mota na sarƙewa a hawa, sai a zargi matatar mai, musamman bayan an zuba gazuwal ɗin jarka mai ruwa ko datti.

Idan inji na ruri amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ya ƙare.