Tsufa Da Ciwon Daji: Asirin Yana Bakin Igiya

A yau za mu duba abin da ya haɗa furfura da ciwon nan da ake jin tsoron faɗin sunansa, watau daji.

Kowace mace ta san igiyar guga in ba a ƙulle bakinta ba, warwarewa take yi. To, haka jikinmu yake. An gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, a cikin kowace ƙwaya akwai zaren gado guda 46, kowane zare kuwa da ƙulli a bakinsa biyu. Masana suna kiran wannan ƙulli telomiya. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, sai ƙullin ya ɗan gajarce. A 1961 wani masani a Amurka, Leonard Hayflick, ya nuna cewa ƙwayar jikin mutum takan rabu kamar sau 50 ta tsaya. Wannan tsayawa tana cikin dalilan tsufa.

Kada a ɗauka wannan hasara ce kawai. Ƙwayar da ta lalace, gajarcewar ƙullin kan taka mata burki. A 1984 waɗansu mata biyu, Elizabeth Blackburn da ɗalibarta Carol Greider, suka gano wani sinadari mai suna telomares da ke ƙara wa ƙullin tsawo, har suka sami kyautar Nobel a 2009 tare da Jack Szostak. Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na ciwon daji da wannan sinadari yake dogara. Watau ƙwayar daji ƙwaya ce da ta ƙi tsufa, sai hayayyafa ba iyaka.

Shi ya sa ƙululun daji a nono ba ya bajewa don kansa, kullum gaba yake yi. Amma sau da yawa sai a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ana cewa wai daji ba ya son allura, har sai ya fashe. Wannan magana ba ta da tushe, jinkirin ne ke kisa.

Uwargida, ki riƙa laluba nononki da hammatarki kowane wata bayan kin yi wankan al'ada. In kin ji ƙululu, ko ba ya zafi, ko kan nono yana fid da jini, kada ki ɓoye wa maigida. Matan Tsafe da Bunguɗu, Gusau ba nisa, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin Yariman Bakura. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ki asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya.

Mai tallar maganin hana tsufa kuwa, ki riƙe kuɗinki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.